Kafin A Kai Tsohuwar Rakoda Bola: Yadda Ake Haɗa Tsofaffin Kayan Sauti Da Gano Matsalarsu

1.0 Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Kujama, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, wadda take kan hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Kachia. Ina cikin gyara ɗakin ajiya sai na ci karo da wani kwali cike da kaset-kaset, ƙura ta rufe shi. A jikin ɗaya daga ciki an rubuta da biro cewa na ranar auren iyayena ne. Mahaifiyata ta ce mini a cikin kaset ɗin akwai muryar kakata tana waƙa da harshenmu na Gbagyi, ita da tsofaffin matan unguwa. Kakar nan ta rasu tun ban yi wayo ba, don haka ban san muryarta ba. Ga kaset a hannu, amma babu abin saurarensa, domin kayan sautin da kakana ya bari sun fi shekara goma ba a kunna su ba. Har an yanke shawarar sayar da su ga 'yan gwangwan, a kan cewa sun mutu.

Na roƙa aka ɗaga mini ƙafa. Mako biyu na yi ina kai da komo tsakanin gida da shagon wani dattijo mai gyaran rediyo, ina tambaya yana nuna mini. Daga ƙarshe sai ga shi abu uku ne kawai suka hana kayan aiki: fiyus ya ƙone, bel ɗin rakoda ya narke, datti kuma ya toshe maɓallin zaɓen sauti. Babu ko ɗaya a cikin ukun da ya kai a ce kaya sun mutu.

Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya, domin na san ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan kwali ba. Rubutun zai yi bayanin kayan sauti da yadda ake haɗa su, da yadda ake gano inda matsala take, sannan da yadda za a kwashe abin da ke cikin kaset kafin ya lalace. Tushen bayanin duka ɗaya ne: sauti hanya yake bi, wanda kuwa ya san hanyar zai gane inda ya tsaya.

2.0 Kayan Sauti Da Rabe-rabensu

Abin da ake nufi da kayan sauti a nan shi ne akwatunan nan da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya a falo, waɗanda ake ce wa sitiriyo, wato masu fitar da sauti ta hannu biyu, hagu da dama. Sun yawaita a gidajen ma'aikata daga tsakiyar shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji wanda aka amince da shi a 1974. A wancan zamani ma'aikacin masaƙa a Kakuri ko na jirgin ƙasa a Kafanchan, idan ya samu sarari, irin kayan da yake ƙawata falonsa da su ke nan. Kamfanonin Japan irin su Sony da Pioneer da Kenwood da Akai da National su ne suka fi suna, sai na Turai irin su Philips da Grundig.

Duk yawan akwatunan, kashi uku suka kasu.

Kashi na farko su ne mafarin sauti. A nan ne ake samun garmaho mai juya faifai, da rakoda mai cin kaset, da akwatin rediyo, da na'urar faifan CD. Babban faifan garmaho mai juyi 33 da sulusi a minti ɗaya kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da shi a 1948, ƙarami mai juyi 45 kuma RCA Victor ya fito da shi a 1949. Kaset kuwa kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya gabatar da shi a 1963, faifan CD ya shiga kasuwa a 1982. Dukkansu sautin da suke fitarwa ɗan kaɗan ne, bai isa ya motsa lasifika ba.

Kashi na biyu ita ce amfilifaya. Aikinta shi ne ta karɓi ɗan sautin nan ta ƙara masa ƙarfi. Ita ce uwar tafiya, domin duk wayoyi wurinta suke haɗuwa. Wata amfilifayar takan zo da rediyo a cikinta.

Kashi na uku su ne lasifikoki, waɗanda suke mayar da wutar da amfilifaya ta turo ta koma muryar da kunne yake ji.

Ke nan hanyar sauti ita ce: daga mafari zuwa amfilifaya, daga amfilifaya zuwa lasifika. Mai karatu ya riƙe wannan jeri, domin a kansa sauran bayanin zai hau.

3.0 Wuta Kafin Komai

Kuskuren da ya fi kashe tsofaffin kaya shi ne gaggawar soka su a soket. Kafin a yi haka sai a juya bayan kowane akwati a karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Wutar gida a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne, tana kuma kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ne ake rubutawa 50Hz. Idan an rubuta 220V ko 230V ko 240V, kayan sun dace da wutarmu. Idan kuwa 120V aka rubuta, kayan Amurka ne, 100V kuma na cikin gidan Japan ne. Irin waɗannan suna da yawa a cikin kayan gwanjo, kuma duk wanda ya soka su kai tsaye zai ga hayaƙi. Sai an nemo musu taransifoma mai rage wuta. Wasu kuma suna da ɗan makunni a baya na zaɓen wuta, sai a tabbatar yana kan 220 ko 240.

Akwai wani abu da taransifoma ba ta gyarawa. Wutar Amurka sau 60 take kai da komo a daƙiƙa, kuma wasu tsofaffin garmaho da wannan suke auna gudun injinsu. Idan aka kawo irinsu nan, gudun zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, sai a ji mawaƙi yana jan murya kamar mai jin barci. Wannan ba lalacewa ba ce, sai dai a canja ɗan ƙarfen da bel yake hawa a kan injin.

Bayan haka a duba wayar wutar kanta, domin ɓera yana son ta, robarta kuma takan bushe ta tsage. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila yana da fiyus a cikinsa, amfilifaya ma tana da nata. Idan fiyus ya ƙone a sa wani mai lamba daidai da tasa. Kada a naɗa masa waya ko takardar taba kamar yadda wasu suke yi, domin fiyus mai gadi ne, ya mutu ne don kaya su tsira. In an sa sabo ya sake ƙonewa nan take, to akwai cuta a ciki, sai a tsaya a nemi mai gyara. Masu gyara na kirki sukan jona ƙwan lantarki mai zare a kan hanyar wutar kafin su kunna kayan da suka daɗe a ajiye. Idan ƙwan ya haska ya dusashe, lafiya. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta take gajarta hanya.

A yi amfani da sitabilaiza, kuma a kashe kaya idan an ɗauke wuta, kada a bari ta dawo ta same su a kunne. Wanda yake amfani da ƙaramin janareto ya bari ya daidaita tukuna kafin ya kunna amfilifaya.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole. A cikin amfilifaya akwai manyan kwandansa masu riƙe wuta ko bayan an cire ta daga soket. Wanda bai koyi aikin ba kada ya buɗe murfi ya sa hannu. Duk abin da za a bayyana a ƙasa, ban da canja bel, daga waje ake yin sa.

4.0 Haɗa Wayoyi

Ƙa'ida ta farko ita ce a kashe komai kafin a soka ko a zare waya, a kuma mayar da abin ƙara murya ƙasa gaba ɗaya.

4.1 Ramukan Bayan Amfilifaya

Yawancin kayan suna amfani da waya mai kai biyu, ja da fari, wadda ake kira RCA. Ja na hannun dama ne, inda aka rubuta R. Fari ko baƙi na hagu ne, inda aka rubuta L. Kowane rami ko dai na shiga ne, an rubuta IN, ko na fita, an rubuta OUT. Waya kullum daga fita take tashi ta faɗa shiga. Fita da fita ba sa haɗuwa, haka ma shiga da shiga.

Akwatin rediyo yana zuwa ramin TUNER, na'urar CD ta je ramin CD. In babu shi sai a sa a AUX, wanda yake rami ne na baƙi, kowa ya zo zai karɓa ban da garmaho. Rakoda ce take rikita mutane, domin wayoyinta biyu ne. Ta farko tana tashi daga LINE OUT ko PLAY na rakoda zuwa TAPE IN ko PLAY na amfilifaya, ita ce ta saurare. Ta biyu tana tashi daga REC OUT na amfilifaya zuwa LINE IN ko REC na rakoda, ita ce ta ɗaukar sauti. Wanda saurare kawai yake so, ta farkon ta ishe shi.

Wasu kayan Turai ba su da ramukan RCA, sai wani rami zagayayye mai huji biyar da ake kira DIN. Akwai wayar da take da kan DIN a gefe ɗaya da kawunan RCA huɗu a ɗaya gefen, ita ce take sada su da sauran kaya.

Wayar hannu ma tana shiga tsohuwar amfilifaya. Abin da ake bukata shi ne waya mai kan iyafis na milimita 3.5 a gefe ɗaya da kawunan RCA biyu a ɗayan, a soka a AUX. Wayoyin hannun da ba su da ramin iyafis sai a nemi ƙaramin akwatin Bluetooth mai karɓar sauti a jona shi a AUX ɗin. Da wannan amfilifayar da ta girmi mai ita za ta yi aiki da wayar da aka saya jiya.

4.2 Garmaho

Garmaho daban yake da sauran saboda dalili biyu. Na farko, sautin da allurarsa take fitarwa bai wuce kamar kashi 5 cikin 1000 na bolt ɗaya ba, alhali na'urar CD takan kai bolt 2. Na biyu, lokacin da ake yanka faifai akan rage kaurin sauti a ƙara siririnsa, don waƙa mai tsawo ta samu wuri a kan faifan. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar da ƙa'idar yin haka a 1954. Ramin da aka rubuta PHONO shi kaɗai yake da kayan da za su ninka sautin kamar sau 100, su kuma mayar masa da kaurinsa.

Saboda haka idan aka sa garmaho a AUX za a ji sauti can ƙasa, siriri kamar kukan sauro. Idan kuma aka sa CD ko wayar hannu a PHONO za a ji ƙara mai tsage kunne, har tana iya lalata lasifika. Amfilifayar da ba ta da PHONO sai an saya mata ƙaramin akwati na musamman da ake sawa tsakaninta da garmaho. Garmaho yana kuma da wata siririyar waya ta uku, wadda ake ɗaurawa a kan dunƙulen ƙarfen da aka rubuta GND. In ba a ɗaura ta ba, gunji zai rufe waƙar.

4.3 Lasifika

Kowace lasifika waya biyu take karɓa, ja mai alamar tarawa da baƙa mai alamar ɗebewa. Ja na amfilifaya ya je ja na lasifika, baƙi ya je baƙi, a hannu biyun duka. Idan aka juya na ɗaya sauti zai fito, amma ganga za ta rasa nauyi, domin lasifika ɗaya tana tura iska yayin da ɗayar take ja. In alamar ta goge sai a ɗauki batir ƙarami mai bolt 1.5 a taɓa wayoyin da shi na ɗan lokaci. Idan takardar lasifika ta turo waje, wayar da take kan batir ɗin ita ce ja.

A murɗe bakin waya sosai kafin a sa ta, kada silin tagulla ko ɗaya ya fita ya taɓa maƙwabcinsa. Wannan sili ɗaya ya isa ya ƙone amfilifaya.

Sai maganar nauyi. A bayan lasifika akan rubuta 4 ko 6 ko 8 da wata alama mai kama da kofaton doki, wato om. Ƙaramar lamba ita ce ta fi jan wuta. A bayan amfilifaya ma an rubuta mafi ƙarancin abin da za ta ɗauka. Idan aka jona lasifika biyu masu om 8 a rami ɗaya, lissafinsu ya koma 4. Idan huɗu ne ya koma 2. Wannan shi ne abin da yake faruwa ranar biki ko suna, inda ake aro lasifikokin maƙwabta a ɗora wa amfilifayar falo. Ta yi zafi, ta yi shiru, a ce ta tsufa, alhali kayan raƙumi aka ɗora wa jaki.

5.0 Gano Inda Matsala Take

Dattijon nan mai gyara ya ce mini: "Ɗana, kada ka taɓa abu biyu a lokaci ɗaya. In ka canja biyu ya gyaru, ba ka san wanne ne ba. In ya ƙara lalacewa ma ba ka sani ba." Wannan ita ce ƙa'idar bincike. Ga matsalolin da aka fi gamuwa da su.

5.1 Fitila ta kama amma babu sauti ko kaɗan. A fara da maɓallai. A duba ko an zaɓi mafarin da ya dace. A duba maɓallin TAPE MONITOR, domin in yana danne amfilifaya rakoda kaɗai take saurare, ta toshe kunnenta ga sauran. A duba maɓallin lasifika mai A da B, ko yana kan inda aka ɗaura wayoyi. Wasu amfilifayoyin suna da ƙarafa biyu masu siffar U a baya, da suka haɗa PRE OUT da MAIN IN. In yara sun zare su babu abin da zai fito, amma wayar RCA za ta maye gurbinsu. Sannan a gwada iyafis a raminsa. Idan ana ji a nan, matsalar tana wajen lasifika. Haka kuma a soka waya a AUX, a ɗan ƙara murya kaɗan, a taɓa tsinin ɗaya kan wayar da yatsa. In an ji gunji, amfilifaya da lasifika suna da rai, sai a koma kan mafari.

Yawancin manyan amfilifayoyi sukan yi wani ɗan ƙas bayan daƙiƙa kaɗan da kunnawa. Wannan makunnin kariya ne yake sakin sauti. In ba a ji shi ba, a kashe, a cire wayoyin lasifika duka, a sake kunnawa. In ya yi, wayoyin ne suka haɗu a wani wuri. In bai yi ba, aikin mai gyara ne.

5.2 Hannu ɗaya ne yake magana. A fara duba abin murɗawa na BALANCE ko yana tsakiya. Daga nan sai gwajin musaya. A bayan amfilifaya a musanya ja da fari na wayar da ta fito daga mafari. Idan shirun ya koma ɗaya lasifikar, laifin na waya ne ko na mafari, sai a gwada wata waya. Idan shirun bai motsa ba, a mayar da su yadda suke, a kashe, a musanya wayoyin lasifika. Idan lasifikar da ta yi shiru ta ci gaba da shirunta, ita ce ko wayarta. Idan kuwa ta yi magana ɗayar ta yi shiru, hannu ɗaya na amfilifaya ne ya samu matsala. Da musaya biyu an gano mai laifi ba a kashe ko kwabo ba.

5.3 Gunji. In a garmaho kaɗai ake jin sa, wayar GND ce. In a mafari ɗaya ne, a canja wayarsa, a kuma raba ta da wayoyin wuta da taransifoma. In kuwa gunjin yana nan ko an mayar da murya ƙasa gaba ɗaya, alama ce kwandansa sun tsufa, sai an canja su. Wasu injinan inbata masu araha ma suna jawo irin wannan ƙara.

5.4 Ƙaraf-ƙaraf idan an murɗa abin ƙara murya, ko sauti yana ɗaukewa sai an bubbuga. Wannan aikin ƙurar hunturu ne da danshin damina, waɗanda suke taruwa a kan ƙarafan da ke cikin maɓallai. A kashe, a murɗa abin daga farko zuwa ƙarshe sau talatin ko fiye, a danna kowane maɓalli haka nan. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai isa ba akwai maganin feshi na wanke maɓallan lantarki. Kada a zuba kananzir ko man keke.

5.5 Sauti yana kakkaryewa. A cire ragar gaban lasifika a duba. Soson da ya kewaye takardar yakan ruɓe da shekaru, kuma ana canja shi. A ɗan danna takardar a hankali da yatsu. In an ji tana gogar wani abu a ciki, mai yiwuwa lasifikar ta taɓa ƙonewa.

6.0 Rakoda Da Kaset

Rakoda ta fi sauran saurin tsayawa, domin tana da roba a cikinta. Zaren kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma bel ne yake kai gudun inji ga abin da yake jan zaren. Zafi irin namu yana sa bel ya saki ko ya narke ya zama kamar kwalta. Alamar ita ce a ji inji yana kuka amma kaset ba ya juyawa, ko kuma murya tana rawa. Sai an goge narkakken bel tas da sufirit kafin a sa sabo daidai girmansa. Robar ɗaure kuɗi ba ta yin wannan aiki. Ana neman bel wurin masu gyara, ko a cire daga wata matacciyar rakoda. A Kaduna masu neman irin waɗannan tsofaffin kaya sukan leƙa kasuwar Panteka.

Idan sauti ya dusashe kamar ana magana a cikin tulu, kan rakoda ne ya yi datti, wato ɗan ƙarfen nan mai sheƙi da zare yake gogawa. A jiƙa auduga da sufirit a goge shi, a goge siririn ƙarfen da yake juyawa da baƙar tayar robar da take matse zare a jikinsa, a bari su bushe. Dattin tayar nan shi ne yake sa rakoda ta ci kaset. Kada a kusanto da sukundireba mai maganaɗisu wurin.

Shi ma kaset yana da nasa hakki. Kafin a sa wanda ake ji da shi, a fara gwada rakodar da wanda ba a damu da shi ba. A karya 'yan ƙofofin nan biyu da suke saman kaset, domin in babu su maɓallin ɗauka ba zai dannu ba, ba za a goge muryar da kuskure ba. A sa biro a juya zaren a ga ko yana tafiya sumul. A duba ɗan soson da yake ƙarƙashin zare a tsakiya, domin yakan faɗi, in ya faɗi kuwa sauti ba zai fito da kyau ba. Kaset ɗin da gidansa ya fashe ana iya kwance shi a mayar da zaren cikin wani gidan. Wanda ya yi fumfuna kada a sa shi a rakoda sai ya bushe an goge shi. A ajiye kaset a tsaye cikin gidansa, nesa da rana da danshi, nesa kuma da lasifika, saboda maganaɗisun da ke cikinta yana shafe sauti.

7.0 Kwashe Sauti Zuwa Kwamfuta

Gyaran rakoda ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin kaset ba ya dawwama, kayan gyara kuma kullum raguwa suke yi. A 2005 hukumar UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto, a 2019 kuma ta haɗa hannu da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, suka yi gargaɗi cewa na'urorin sauraren zaren maganaɗisu suna ƙarewa. Waƙoƙin Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, ko na Ɗan Maraya Jos wanda ya rasu a 2015, an riga an kwashe da yawansu, ana samun su a waya da intanet. Amma waƙar biki da Gbagyi ko Adara ko Jju ko Tyap, da wa'azin wani malami, da waƙar mawaƙan majami'a ta ƙauye, da saƙon murya da wani ya aiko wa iyalinsa daga nesa, yawanci kaset ɗaya ne tak a duniya. In ya tafi, ya tafi ke nan.

Yadda ake kwashewa ba shi da wuya. A ɗauki waya daga LINE OUT na rakoda zuwa kwamfuta. Ramin makirfo na ƙaramar kwamfuta bai dace ba, domin sautin ya fi ƙarfinsa. Gara a nemi ƙaramin akwatin sauti mai shiga ramin USB. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Audacity da take ɗaukar sauti. A daidaita ƙarfin shigarsa yadda ba zai taɓa ja ba, a ɗauki kowane gefe gaba ɗaya ba tare da tsayawa ba. A ajiye asalin a tsarin WAV, wanda yake cin kamar megabait 10 a minti ɗaya, wato kaset mai minti 90 zai ci kusan 900. Daga shi sai a fitar da MP3 don rabawa a waya. A ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, a rubuta sunan mai magana da harshe da gari da shekara in an sani. Kaset ɗin kansa kada a yar.

8.0 Kammalawa

A wannan rubutu an yi bayanin kashe-kashen kayan sauti guda uku, da hattarar da ake yi da wuta, da yadda ake haɗa wayoyi, da matakan gano matsala ɗaya bayan ɗaya, har zuwa kwashe sauti. An ga cewa mafi yawan abin da ake kira mutuwar kaya bai wuce fiyus da bel da datti da waya a ramin da ba nata ba.

Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, mu da ake tura mu ƙauyuka neman waƙa da tatsuniya don kundin kammala karatu, mu fara duba ɗakin ajiyar gidajenmu. Mai yiwuwa abin da muke nema yana cikin kwali, an ɗauke shi tun kafin a haife mu, daga bakin mutanen da ba za mu sake samu ba. Masu gyaran da suka san kayan nan ma tsufa suke yi, yaransu kuma sun koma gyaran wayar hannu. Hausawa suka ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Mu dai a gidanmu an saurari kaset ɗin. Muryar kakata ta fito, da ɗan shuu a bayanta, minti goma sha ɗaya. Mahaifiyata ta fassara mini wasu tsofaffin kalmomi da ban taɓa ji ba, na rubuta su. Yanzu waƙar tana cikin wayar kowane ɗan gidanmu, kwalin kuma saura kaset goma sha tara da ban kai gare su ba tukuna.